Hangen Dala da Shiga Birni: Saudiyya da Lissafin Baƙi Miliyan 70

A ranar 27 ga Satumban 2019 Saudiyya ta fara bayar da bizar yawon buɗe ido ta intanet ga 'yan ƙasashe 49. Kafin wannan rana, duk mai son shiga masarautar sai ya zo da ɗaya daga cikin 'yan dalilai sanannu: ibada, ko aiki, ko kasuwanci, ko ziyarar dangi. Zuwa don ganin ƙasa da shan iska bai cika shiga lissafin hukuma ba. Bayan wata biyar cif, ranar 27 ga Fabrairun 2020, annobar korona ta sa aka dakatar da shigowar masu Umara, ba a jima ba kuma aka rufe iyakokin gaba ɗaya. Hajjin wannan shekara 'yan tsiraru ne daga cikin mazauna ƙasar suka yi shi. Duk wanda zai karanta hasashen wata gwamnati game da baƙin da za su ziyarce ta nan gaba, ya kyautu ya riƙe waɗannan ranaku biyu a ransa.

Sai dai abin da ya biyo baya ya ba masu shakka kunya. Shirin da Muhammad bin Salman ya ƙaddamar a watan Afrilun 2016, wanda aka laƙaba wa suna Ru'uyar 2030, wato Hangen 2030, ya zo da burin rage dogaro da man fetur, kuma a ƙarƙashinsa aka sa wa harkar yawon buɗe ido mizanin baƙi miliyan 100 a shekara kafin 2030. Gwamnati ta sanar cewa an wuce wannan adadi a 2023, saura shekara bakwai wa'adi ya cika. Maimakon a huta, sai ministan yawon buɗe ido, Ahmad Al-Khatib, ya ɗaga mizanin zuwa miliyan 150, tare da fatan miliyan 70 daga ciki su zo ne daga ƙasashen waje. Wannan adadi na biyu, miliyan 70, shi ne ainihin batun, domin shi ne yake shigo da kuɗin waje, kuma a kansa aka jingina ginin filayen jiragen sama da otal-otal da sababbin garuruwa. A cikinsa ne kuma ake ƙidaya alhajin Kano da mai Umara daga Damagaram, ko sun sani ko ba su sani ba.

Me ake ƙirgawa

Kalmar da ake fassarawa da "ɗan yawon buɗe ido" ta fi faɗi a littafin ƙididdiga fiye da yadda take a bakin jama'a. A ma'aunin hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da wannan fanni, duk wanda ya bar wurin da ya saba zama, ya kwana aƙalla dare ɗaya a wani wuri, bai kai shekara ba, kuma ba aikin albashi ya kai shi ba, ya shiga lissafi. Mai zuwa taron kasuwanci yana ciki, mai zuwa asibiti yana ciki, haka wadda ta je taya 'yarta zaman jego, haka mai ɗawafi. Sannan tafiye-tafiye ake ƙirgawa, ba kawunan mutane ba. Ɗan kasuwar Kuwait da ya shigo sau shida a shekara, baƙi shida ne a takarda.

Da wannan ma'auni, ga yadda miliyan 100 ɗin ta kasu. A 2023 jimillar ta kai kusan miliyan 109, amma masu zuwa daga waje miliyan 27.4 ne kawai. Saura duk 'yan gida ne: iyalin Riyad da suka gudu wa zafi zuwa tsaunukan Abha ko Ɗa'ifa, da mazaunin Dammam da ya je Makka a watan azumi. A 2024 jimillar ta kai kusan miliyan 116, na waje kuma miliyan 29.7. Babu ƙarya a cikin wannan lissafi, kuma gwamnatin ba ta ɓoye rabe-rabensa ba. Amma kanun labarai kan ɗauki babban adadin su ajiye shi kusa da na Faransa, wadda ke karɓar baƙi kusan miliyan 100 a shekara daga waje zalla, ko na Sifaniya, wadda ta karɓi kusan miliyan 94 a 2024. Kwatanta waɗannan da miliyan 116 na Saudiyya kamar auna gero da tiya ne a kwatanta da wanda aka auna da mudu.

Yawon 'yan gida ba abin rainawa ba ne, kuma a nan gwamnatin tana da hujja mai ƙarfi. Shekaru da dama 'yan Saudiyya suna kwasar kuɗinsu su kai Dubai da Bahrain da Alƙahira da Landan don neman nishaɗin da babu shi a gida. Buɗe gidajen sinima a 2018 bayan sun shafe sama da shekara talatin a rufe, da bukukuwan Riyad da aka fara a 2019, sun tare wani kaso na wannan kuɗi. Riyal ɗin da bai fita ba, a wajen babban banki, daidai yake da riyal ɗin da ya shigo. Amma wannan wata nasara ce daban, kuma bai kamata a ɗauke ta a matsayin shaidar cewa duniya ta juyo da fuskarta zuwa Saudiyya ba.

Lissafin da ya rage mai sauƙi ne, ɗan sakandare zai iya yin sa a bayan ambulan. Daga miliyan 29.7 a 2024 zuwa miliyan 70 a 2030, ana bukatar ƙarin sama da miliyan 40 cikin shekara shida. Wannan na nufin adadin ya riƙa ƙaruwa da kashi 15 cikin ɗari da 'yan kai a kowace shekara, ba tare da shekara ɗaya ta yi tuntuɓe ba. Daga 2023 zuwa 2024 ƙaruwar da aka samu kashi 8 ce da ɗoriya. Idan aka ci gaba da wannan tafiya, 2030 za ta riski Saudiyya da baƙi kusan miliyan 47 ko 48. Adadi ne babba, ya ninka na 2019, wato miliyan 17.5, fiye da sau biyu da rabi, amma tsakaninsa da miliyan 70 akwai giɓin da ya fi duk baƙin da Dubai ta karɓa a 2024, waɗanda suka kai miliyan 18.7, bayan shekaru kusan talatin tana wannan sana'a.

Hasashe da aikin da yake yi

Hasashen gwamnati kan baƙi ya sha bamban da hasashen yanayi. Mai hasashen ruwan sama ba ya iya jawo hadari da maganarsa, amma ministan da ya ce baƙi miliyan 70 na tafe yana fatan maganar da kanta ta jawo su. Kamfanin otal ba zai zuba jarinsa a ginin da sai bayan shekara biyar zai fara karɓar baƙi ba, sai ya ji cewa za a sami jiragen da za su kawo su. Kamfanin jirgi ba zai buɗe sabuwar hanya ba sai ya ga masauki. Banki ba zai ba kowannensu bashi ba sai ya ga gwamnati ta ɗaura ɗamara. Babban adadi shi ne gangar da ake kaɗawa don kowa ya taka rawa lokaci ɗaya. Saudiyya ba ita kaɗai ke yin haka ba: Japan ta sa wa kanta baƙi miliyan 60 a 2030, alhali ta karɓi miliyan 36.9 a 2024, Maroko kuma tana hangen miliyan 26 a shekarar da za ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin duniya tare da Sifaniya da Fotugal, bayan ta sami miliyan 17.4 a 2024.

Saboda haka tambayar ko adadin zai cika ba ita ce mafi muhimmanci ba. Wadda ta fi ta ita ce: idan bai cika ba, wa zai biya? A ƙasashen da 'yan kasuwa ke gina otal da kuɗinsu, kuskuren hasashe kan faɗa a kansu, su yi asara, wani ya saye ginin da rahusa. A Saudiyya mafi yawan manyan ayyukan suna hannun Asusun Zuba Jari na Gwamnati ne, wanda Yarima mai jiran gado da kansa yake shugabanta. Shi ya mallaki kamfanin da ke gina wuraren shaƙatawa a gaɓar Bahar Maliya, shi ke da NEOM da Ƙiddiya da Dir'iyya, shi ya kafa sabon kamfanin jiragen sama na Riyadh Air a watan Maris na 2023. Ƙarfin asusun kuwa, ko ta wace hanya aka bi, yana komawa ne ga man fetur. Ga shi an tsara yawon buɗe ido don ya 'yanta ƙasar daga mai, amma mai ne yake biyan kuɗin 'yancin. Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ƙiyasta a 2024 cewa kasafin kuɗin masarautar yana bukatar gangar mai ta haura dala 90 kafin ya daidaita, farashin kuwa ya shafe tsawon lokaci a ƙasa da haka. Tun a ƙarshen 2023 ministan kuɗi, Muhammad Al-Jada'an, ya faɗa a fili cewa za a jinkirta wasu ayyukan zuwa bayan 2030. Dogon birnin nan na cikin NEOM, wanda aka zana da tsawon kilomita 170, rahotanni a 2024 sun nuna cewa ɗan guntunsa kawai ake sa ran gani kafin wa'adin.

Akwai kuma abin da babu ministan da ke iya sa wa a jadawalinsa. Masar ta karɓi baƙi miliyan 14.7 a 2010. Juyin juya halin 2011 ya mayar da su ƙasa da miliyan 10, faɗuwar jirgin Rasha a Sinai a watan Oktoban 2015 kuma ta kai su kusan miliyan 5.4 a 2016. Sai da ƙasar ta shafe fiye da shekara goma kafin ta koma inda take a da. Dalar Giza ba ta gusa ko taku ɗaya ba a duk wannan lokaci. Mai yawon shaƙatawa mutum ne mai zaɓi da yawa da kuma saurin tsorata, labari ɗaya a talabijin ya isa ya sauya masa hanya. Saudiyya ta ɗanɗani wannan a watan Maris na 2022, lokacin da harin 'yan Houthi ya tayar da gobara a wata ma'ajiyar mai ta Aramco a Jidda, ana ganin hayaƙin daga filin tseren motoci na Formula 1.

Abin mamaki shi ne, wuraren da aka fi tallatawa ba a tsara su don ɗaukar jama'a da yawa ba. Aikin Bahar Maliya, idan ya kammala da otal 50 da ɗakuna kusan 8,000, masu shi sun ce ba za su bari baƙinsa su wuce miliyan ɗaya a shekara ba, saboda kare murjani da tsibiran. Al-Ula, inda tsofaffin kaburburan Nabaɗawa na Mada'in Salihu suke, wurin da ya zama na farko a Saudiyya da ya shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2008, burinta baƙi miliyan biyu ne a shekara, shi ma sai 2035. Waɗannan wurare ne na masu hannu da shuni, kuma mai yiwuwa su kawo kuɗi mai kauri daga mutane kaɗan. Amma ko sun cika maƙil, miliyan uku ne cikin miliyan 40 da ake nema. Sauran dole su fito daga wani wuri.

Tsohuwar zuma

Wurin da za su fito ba ɓoyayye ba ne. Tun kafin a san akwai mai a ƙarƙashin yashin gabashin ƙasar, baitulmalin Sarki Abdul'aziz da kuɗin alhazai yake rayuwa. Lokacin da karayar tattalin arzikin duniya ta farkon shekarun 1930 ta rage yawan mahajjata matuƙa, aljihun sarkin ya bushe, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa ya amince ya ba wani kamfanin Amurka izinin neman mai a 1933. An sami man a Dammam a 1938. Wato mai ne ya zo ya maye gurbin baƙo, yanzu kuma ana neman baƙo ya dawo ya rage wa mai nauyi.

Cikin waɗancan baƙi na farko akwai Hausawa masu ɗimbin yawa, waɗanda suka riƙa bin hanyar ƙasa ta Borno da Wadai da Darfur har zuwa Sawakin a bakin teku, wasu su shekara biyar a hanya, wasu goma, suna noma da ƙodago don tara guzirin zango na gaba. Da yawa ba su ƙarasa ba, wasu sun ƙarasa ba su koma ba. Garin Mai Wurno a gefen kogin Nilu mai shuɗi a Sudan, wanda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, reshe ne na wannan hanya. Sunan Hausawi da ake gani a bayan rigunan wasu 'yan ƙwallon Saudiyya wani reshen ne. Babu wanda ya yi wa waɗannan mutane talla.

Hajji kansa ba zai iya cike giɓin ba, domin kwanakinsa ƙididdigaggu ne, kuma kwarin Mina ba ya faɗaɗa. Tun ƙarshen shekarun 1980 aka amince da rabon kujera dubu ga kowane Musulmi miliyan ɗaya a ƙasa. Adadin mahajjata ya taɓa haura miliyan uku a 2012, ya kai kusan miliyan 2.5 a 2019, ya sauko zuwa miliyan 1.8 a 2024. Umara ce ba ta da wannan iyaka, domin ana yin ta kusan duk shekara. Burin gwamnati shi ne masu Umara miliyan 30 daga waje a 2030, kuma a 2024 ta sanar da kusan miliyan 16.9. Don haka aka tsawaita bizar Umara daga wata ɗaya zuwa wata uku, aka buɗe manhajar Nusuk, aka ba mai kowace irin biza damar yin Umara, aka ƙirƙiro bizar yada zango ta kwana huɗu, aka kuma shimfiɗa jirgin ƙasa mai sauri na Haramaini, wanda tun 2018 yake haɗa Makka da Madina ta Jidda, tafiyar kilomita 450 cikin awa biyu da 'yan mintuna.

Ma'aikatar yawon buɗe ido tana alfahari da cewa fiye da rabin baƙin 2024 ba don ibada suka zo ba. Wannan magana tana bukatar a karanta ta a tsanake. Ƙidayar 2022 ta nuna cewa cikin mutum miliyan 32.2 da ke ƙasar, sama da miliyan 13 baƙi ne 'yan ƙasashen waje. Kowane injiniya ɗan Masar da kowane direba ɗan Pakistan yana da uwa ko mata da za ta zo da bizar ziyara, kuma da wuya ta koma gida ba ta ga Ka'aba ba. A takarda ziyarar dangi ce ta kawo ta. Tun da aka rushe katangar da ke tsakanin nau'o'in biza, raba mai ibada da mai ziyara ya zama aikin wanda ya cike fam, ba aikin zuciyar matafiyi ba. Idan aka cire Makka da Madina daga taswira, wani kaso mai yawa na waɗannan "sauran dalilai" zai bi su.

Ra'ayin da lissafin ke goyon baya shi ne: hanyar da ta fi kusa da kai Saudiyya ga burinta ita ce ta Musulmin Indonesiya da Pakistan da Indiya da Masar da Turkiyya da Afirka ta Yamma, wanda zai zo Umara da iyalinsa, a shawo kansa ya ƙara kwana uku ya ga tsohon birnin Jidda ko Ɗa'ifa. Baturen da ke neman rairayin bakin teku yana da Girka da Tailan da Maldibis, yana kuma da Dubai a maƙwabta, inda ba a hana shi giya ba, ga shi ta riga ta ƙware a hidimarsa. Mai ɗawafi kuwa Ka'aba ɗaya gare shi.

Wanda ba shi da zaɓi

A nan ne batun ya shafi aljihun mai karatu. Ɗan kasuwa kan tarairayi abokin cinikin da ke iya tafiya wani shago. Wanda ba shi da inda za shi, sau da yawa shi ake ɗora wa kuɗin tarairayar. Idan har mizanin nasara ya koma yawan abin da kowane baƙo ya kashe, to akwai kwaɗayin a matsa wa wanda ba ya iya fasawa.

Ana iya ganin alamar haka a fuskar Makka kanta. A 2002 aka rushe ganuwar Ajyad ta zamanin Usmaniyawa, aka gina rukunin dogayen benaye na Abraj Al-Bait a gurbinta, mai hasumiyar agogo da ta kai mita 601. Tsofaffin unguwannin da ke kewaye da Harami, inda talakan alhaji kan sami ɗaki mai sauƙi ya riƙa takawa zuwa sallah, sun riƙa ba da wuri ga manyan otal-otal. A Madina an ƙaddamar da aikin Ru'a Al-Madina a 2022, da alƙawarin ɗakunan otal 47,000 a gabashin Masallacin Annabi. Ƙarin ɗakuna abu ne da ake bukata, kuma babu mai musun cewa faɗaɗa Harami da gyaran wurin jifa sun ceci rayuka. Amma duk lokacin da aka gina otal mai tauraro biyar a inda gidan haya yake, tsohuwar da ta shekara goma tana adashi don wannan tafiya takan ƙara nisa da masallaci, ta koma jiran bas. Ga kuma harajin kayayyaki da aka fara da kashi 5 cikin ɗari a 2018, aka ninka shi zuwa kashi 15 a watan Yulin 2020, wanda ke cikin kuɗin masauki da na abinci da na tsaraba.

Adalci ya wajaba a nan. Hauhawar kuɗin kujerar Hajji a Najeriya, daga kusan naira miliyan 2.9 a 2023 zuwa sama da miliyan 8 a 2025, mafi yawansa faɗuwar naira ce ta jawo shi bayan an sake ta ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023. Riyal a ɗaure yake da dala tun 1986, a kan riyal 3.75 ga kowace dala, don haka duk wanda kuɗin ƙasarsa ya faɗi a gaban dala, ya faɗi a gaban riyal. Wannan ba laifin Riyad ba ne. Amma darasi ne ga masu hasashenta. Najeriya, wadda aka ware wa kujeru 95,000, ta kasa cike su a 2024, ba don ƙarancin masu niyya ba. Kasuwar da Saudiyya ta fi dogara da ita tana ƙasashen da kuɗinsu ke yawan tangal-tangal: naira, da fam na Masar, da rufi na Pakistan, da lira ta Turkiyya. Buƙatar zuwa Makka ba ta da iyaka, amma ikon biya yana da ita, kuma ana iya tsawwala farashi har a kori mutanen da ake jiran su cike adadin.

Sai batun biza. Jerin ƙasashen da ke samun bizar yawon buɗe ido ta intanet ya ƙaru ya haura 60, amma Najeriya da Nijar ba sa ciki. Likita ko ɗan kasuwa daga Kano zai iya samun sauƙin shiga idan yana riƙe da bizar Amurka ko ta Birtaniya ko ta Turai da ya taɓa amfani da ita, wato sai wata ƙasa ta fara tantance shi. Hukumomin Saudiyya suna da dalilinsu, kuma Bahaushe ya san shi, tunda har suna ya ba waɗanda suka je suka ƙi dawowa: takari. Amma akwai karo tsakanin manufofin biyu. Ma'aikatar yawon buɗe ido tana son ƙofa a buɗe don adadi ya hau, ma'aikatar cikin gida da ta Hajji suna son a san kowane ƙafa da ta shiga Makka.

Hajjin 2024 ya nuna tsadar wannan karo. Zafi ya kai digiri 51.8 a Masallacin Harami, kuma ministan lafiya ya sanar da mutuwar mutum 1,301, kashi 83 cikin ɗari daga cikinsu ba su da izinin aikin Hajji. Da yawa sun shigo ne da bizar ziyara ko ta yawon buɗe ido, ta hannun dillalan da suka yi musu alƙawarin Hajji mai araha, suka tarar ba su da tanti mai sanyi a Arafa, ba su da mota, sai tafiyar ƙasa a tsakar rana. Sauƙin biza da tsadar kujera su suka haɗu suka samar wa dillalan kasuwa. A shekarar da ta biyo baya an tsaurara: an hana masu bizar ziyara shiga Makka tun makonni kafin Hajji, an sa tarar da ta kai riyal 20,000 ga wanda aka kama ba izini. Matakin ya dace, kuma Hajjin 2025 bai ga irin waccan musiba ba. Amma adadin mahajjata ya sauko zuwa kusan miliyan 1.67.

Gwamnatin tana da sauran katunan da ba ta ajiye ba, kuma wanda ya ga yadda miliyan 100 ta cika kafin lokaci bai kamata ya yi saurin yanke hukunci ba. Riyad za ta karɓi baje kolin duniya na Expo daga watan Oktoban 2030, an kuma ba ƙasar gasar cin kofin duniya ta 2034. Tsarin sufurin sama yana hangen fasinjoji miliyan 330 a shekara, daga kusan miliyan 128 a 2024, kuma idan Riyadh Air ya iya karkato da wani kaso na matafiyan da ke sauya jirgi a Dubai da Doha, bizar kwana huɗu za ta mayar da wasunsu baƙi a takarda. Kuɗin da baƙin waje suka kashe a 2024 ya haura riyal biliyan 150, kimanin dala biliyan 40. Wannan bai kai rubu'in abin da mai ke shigowa da shi ba, amma ya isa a ce an kafa sana'a ta gaske a inda shekara goma da suka wuce babu ita sai ta alhazai.

Duk da haka baje koli wata shida ne, gasar ƙwallo wata ɗaya ce, kuma ta 2034 ta faɗo ne bayan wa'adin. Abin da zai nuna inda aka dosa ba ya cikin jimillar da ake sanarwa a farkon kowace shekara. Yana cikin wasu ƙananan alƙaluma da ba su cika fitowa a kanun labarai ba: yawan dararen da baƙon waje ke kwana, kason ɗakunan Makka da Madina da ba na manyan otal-otal ba, farashin ɗaki a goman ƙarshe na azumi, da kuma ranar da sunan Najeriya ko Nijar zai bayyana a jerin ƙasashen da ke neman biza daga wayar hannu.